Robar Wandona da Jarrabawar Masaƙa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mana jarrabawar koyon gyaran inji a sabuwar masaƙar Kakuri ba. Gurbi ɗaya ne, mu kuwa cike da ɗaki. In na faɗi, sai in koma dakon auduga.

Lokacin ina ji da kaina. Na haddace darasin tsaf: ƙarfin jan da ke kan abu gwargwadon kaurinsa daban, miƙewar da abin ya yi gwargwadon tsawonsa daban. Har na zare mazagin wandona na zura robar tayar keke, wai ni ɗan zamani. Bitrus, abokin kwanana a Makera, ya ce, "Kai, wannan aba za ta riƙe ka kuwa?" Na ce masa baƙauye ne shi, bai san kimiyya ba.

Ran jarrabawa na cika aljihuna da sifana da notuna (ba wanda ya ce in zo da su, so nake a ga injiniya). Robar ta sha rana, ta sha wanki, ga kaya na jibga mata.

Baturen da ke jarraba mu ya ɗaura waya a ƙarfen rufi, ya ba ni wani dunƙulen ƙarfe ya ce in rataya in yi bayani. Na ɗaga da hannu biyu sama da kaina, na tsuke ciki, na soma zuba: "Waya tana shan ja amma da ƙyar take miƙewa. Roba kuwa, in ta wuce iyakarta, ba ta komawa..."

Sai na ji iska a cinyoyina. Sifana ta bugi siminti, ƙwal.

Ƙafar Baturen tana daidai ƙarƙashin dunƙulen ƙarfen. In na saki, na rasa aiki. In na riƙe, kowa ya gama ganina. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na riƙe. A haka na ƙarasa bayanin, wando a idon sawu, ɗakin kuwa har da masu riƙe ciki don dariya.

Baturen bai ko murmusa ba. Ya ce da tafinta, "Gaya masa misalin ya wadatar."

Na samu gurbin, na kuma samu suna. Har na yi furfura a masaƙar nan Injiniya Roba ake kirana, har da yaran da ni na koya wa riƙe sifana. Da yammar ranar jarrabawar Bitrus ya miƙo mini tsohon mazagina, ya ce, "Ga na ƙauyawa." Tun ranar, duk darasin da na haddace sai na fara gwada shi a ƙuguna, kuma ƙulli biyu nake yi.