Ranar da Na Yi wa Ƙanwata Satar Amsa

Ba zan taɓa mantawa ba, ni ɗan aji biyar na sakandare na yi satar amsa a gwajin ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara huɗu, kuma na faɗi warwas.

Lokacin mun taso daga Bungudu zuwa Gusau, Inna ta ƙwallafa rai sai ƙanwata Hauwa ta shiga wata makarantar nazare kusa da gida. Gurbi kaɗan ne, don haka sai an gwada yaro. Malama za ta buɗe littafi mai hoto biyu a kowane shafi, ta yi tambaya, yaro ya nuna.

Ranar da aka aike ni karɓo fom, na leƙa ta taga ana gwada wani yaro. Shafi goma, duk amsar tana ɓangaren dama. Duka! (Da alama wanda ya haɗa littafin yunwa yake ji, yana sauri.) Na dawo gida ina taku kamar farfesa, na ce wa Inna ta fara ɗinkin yunifom.

Ranar gwaji muka je tare da Inna. A bakin ƙofa, na raɗa wa Hauwa kada ta saurari tambaya, kada ta kalli hoto, ta nuna ɓangaren hannun da take cin tuwo kawai. Na manta Hauwa bahaguwa ce. A gaban Inna take ci da dama, da an juya baya ta koma hagu.

Wanne ake ci, takalmi ko mangwaro? Hauwa ta dangwali takalmi. Wanne ke tashi sama? Jaki. Haka har goma, tana yi tana waigowa tana mini murmushi. Malama ta cire tabarau, ta ce ko akuya aka ba littafin za ta dace da biyar. Ta tambayi Hauwa a hankali ko a gidansu ana cin takalmi.

"A'a, Yaya ne ya ce kada in duba."

Inna ta juyo ta kalle ni. Wallahi kallon nan sai da ya rage mini tsawo. Na amayar da komai, har da leƙen taga.

Malama ta yi ta juya shafukan, sannan ta ce littafin ma ya faɗi. Ni dai na koyi cewa kafin ka yi wa yaro wayo, ka zauna ka ga yadda yake cin abinci.

Bayan mako guda aka sake gwajin da hotuna a cakuɗe, ni kuma aka bar ni waje da mai gadi. Hauwa ta ci tara, aka ɗauke ta.