Ranar Da Jakuna Suka Ɗaga Kai

Masarautar Kurmin Gawo ta shiga damuwa a wata shekara da ba a yi yunwa ba, ba a kuma yi fari ba. Littafin zane ne ya raba kan dabbobi.

Duk ranar Laraba ake fitar da shi. Sunansa Guguwa Mai Geza, labarin wani zaki ne mai jar alkyabba da yake tashi sama yana ceton dabbobi daga gobara da ambaliya. Kowa ya san da wa jarumin yake kama, don har hancinsa irin na zakin da ke mulki ne, Sarki Mazawaje. An daɗe ana rububinsa, sai aka wayi gari jakuna sun daina karɓa. Tumaki suka bi sahu, sannan kunkuru da bushiya. Littattafai suka yi tsibi a gindin kuka, awaki suna karya kumallo da su.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mazanan littafin duk tsuntsaye ne, kuma al'adarsu tun kakanni ita ce ba a yin zane sai daga ƙololuwar kuka. Daga can kuwa bayan dabba kawai ake hange. Guguwa ne kaɗai yake da fuska, tunda shi a sama yake yawo tare da su. Jaki yakan fito kamar an ajiye doya mai kunnuwa biyu. Kunkuru kuma kamar an kife akushi.

Akwai wata jaka mai suna Hansai, ita take kai wa mazana gawayi da shuni. Ta iya zane ita ma, da baki take riƙe gawayin, duk bangon garkensu ta cika shi da fuskoki. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Bara ɗan giwa ya nutse a taɓo, gwaggonta Ladiyo ce ta ciji igiya ta yini tana ja har ya fito. Da littafi ya fito, Guguwa ne ya ɗauke shi da hannu ɗaya, Gwaggo kuwa ga ta can a lungun shafi, doya mai kunnuwa. Yanzu idon tsohuwar ya fara hazo, Hansai tana so Gwaggo ta ga fuskarta a littafin kafin ganin ya ƙare.

Ta sami Malam Shaho, shugaban mazana, ta gaishe shi da ladabi, ta faɗi buƙatarta.

"'Yar nan, ai mun sa ta," in ji shi. "Shafi na tara, ƙasa daga hagu."

"Bayanta kuka sa, Malam. Ko magana ba ta yi ba."

"To ina za mu maƙala maganar? Magana daga baki take fitowa, ku kuma ba a ganin bakinku. Kullum kanku a ƙasa. Ni tun da nake ban taɓa tabbatar da cewa jaki yana da haɓa ba."

Da tsibin littattafai ya kai tsayin barewa, Sarki ya kira majalisa, aka ce kowa ya zo. Kura Tasalla, ministar al'adu, ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ranka ya daɗe, wannan gwamnati mai jin kukan talaka ce. Mun ji, mun gani, mun kuma kafa kwamiti. Kwamitin Kowa Ya Ga Kansa, mai mambobi goma sha biyu: shaho, shirwa, hankaka, ungulu, da sauransu. Har jemage muka sa domin ya wakilci masu gashi. Sun ba da shawara, mun amince. Daga makon gobe, maimakon jaki ɗaya, jakuna arba'in za a riƙa zanawa a kowane shafi."

Sauran ministoci, waɗanda duk kuraye ne, suka tafa. Gwaggo Ladiyo ta karkato kunne wajen Hansai.

"Me ta ce?"

"Ta ce za a ƙara doya, Gwaggo."

Hansai ba mai magana a taro ba ce, amma ta matsa gaba.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ba yawa muke nema ba. A bar ɗaya daga cikinmu ya yi zanen. Ni ma na iya."

Kura Tasalla ta dubi Sarki, ta dubi taron jakuna, sai fuskarta ta washe.

"Ranka ya daɗe, abin da nake shirin sanarwa ke nan ta riga ni. Wannan gwamnati za ta naɗa jaka ta farko a tarihi cikin mazana."

Malam Shaho ya yi gyaran murya. "Ba mu ƙi ba. Ƙofarmu a buɗe take ga kowa. Sai dai al'ada ba ta canzawa. Mai zane daga kan kuka yake yi."

"Malam, ni jaka ce," in ji Hansai.

"Ba ma nuna bambanci," ya ce. "Kowa ya hau."

Hansai ta waiga ta ga Gwaggo tana ƙifta ido tana neman inda maganar take fitowa. Ta ce ta yarda.

Aka sa gizo-gizo da danginsa suka saƙa ragaya irin wadda ake rataye ƙwarya, amma mai girman da za ta ɗauki jaka. Ranar Asabar da hantsi aka yi biki. Aka kafa rumfa a gefe, amma Sarki ya ce a fito da kujerarsa fili domin ya fito sosai a zanen tarihi. Ministoci suka jeru a bayansa. Aka zura Hansai a ragaya, aka wurga igiya ta kan reshe, giwa ta ja. Ta tashi sama tana juyawa a hankali, ƙafafu huɗu suna lilo ta ramukan ragayar, gawayi a baki, allon zane a rataye a wuya.

"Ku duba ci gaba," in ji Kura Tasalla a lasifika. "Jiya tana ɗaukar kaya, yau ita ake ɗauka."

Da ta isa reshen ƙarshe, Hansai ta rufe ido. Malam Shaho ya sauka kusa da ita.

"Dokarmu ɗaya ce," ya ce. "Abin da kika gani daga nan shi za ki zana."

"Duk abin da na gani, Malam?"

"Shi ne sana'ar."

Ta buɗe ido ta leƙa ƙasa, zuciyarta ta karye da farko. Gaskiyar Malam ce, tumaki kamar an baza auduga, kunkuru akushi. Sai ta ji wata murya da ta sani.

"Ke Hansai, riƙe da kyau. Kada ki yi atishawa."

Gwaggo ce. Ta ɗaga kai sama iyakar ƙarfin wuyanta, bakinta a buɗe. Ba ita kaɗai ba, jakunan masarautar gaba ɗaya sun ɗaga kai, don ba wanda ya taɓa ganin 'yar uwarsa tana lilo a kan kuka, kuma kowa yana jiran ya ga inda za ta faɗo. Ga idanu, ga hanci, ga haƙora, ga haɓa.

Malam Shaho ya leƙa ya daɗe. "Ashe kuna da ita," ya ce a hankali.

Hansai ta gyara gawayin da ke bakinta. Ta fara da Gwaggo. Ta zana farin gashin da ke kewaye da bakinta, da kunnen hagu da ya karye tun ranar ɗan giwa, da haƙorin da igiya ta cire. Ta ba ta rabin shafi, ta zana da'irar magana a gefen bakin, ta rubuta abin da tsohuwar ta faɗa. Sannan ta bi sauran jakuna ɗaya bayan ɗaya.

Daga ƙarshe ta dubi wajen manya. Su ba wanda ya ɗaga kai, gaba suke kallo cikin kamala. Ministoci sun goya hannu a baya, kowace da cinyar nama a ɓoye. Sarki kuwa kambinsa zobe ne buɗaɗɗe ta sama, a tsakiyarsa wani fili yana ƙyalli a rana, sumul, ko gashi ɗaya babu.

Malam Shaho ya ga inda idonta ya tsaya. "Wannan wurin mukan ɗan cike shi da shuni," ya ce.

Ta cire gawayin daga baki. "Kun ce abin da na gani, Malam."

Ya tashi ya koma wani reshe.

Ranar Laraba awaki suka zo gindin kuka suka tarar ba ko shafi ɗaya, duk an kwashe. Gwaggo Ladiyo ta manna hanci a takarda, ta kai ido ɗaya kusa, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan mai giɓin ni ce?"

"Ke ce, Gwaggo."

"Kin ƙara min kunne." Ta sake dubawa. "Amma na yi kyau. A ajiye min biyu."

Da yamma aka kai wa Sarki nasa a gaban majalisa, kamar yadda aka saba. Ya buɗe, ya bi fuskokin jakuna da ido yana gyaɗa kai, ya ce zanen ya yi tsabta. Ya wuce wajen cinyoyin nama, ya ɗan kalli ministocinsa. Sannan ya ɗora farce a tsakiyar shafin.

"Ban ga kaina ba," ya ce. "Kuma wane ne ya zo bikin gwamnati da faranti a ka, har ya zauna a kujerata?"

Kura Tasalla ta ciji mayafinta, kafaɗunta suna motsi. Malam Shaho ya shiga gyaran fiffike. Raƙumin dawa, wanda ya fi shekara goma yana tsayawa a bayan karaga, ya juya dogon wuyansa yana kallon gajimare.

Sarki ya sake tambaya. Raƙumin dawa ya ƙara miƙa wuya sama.