Saukowar Ɗanliti

Wani mutum ne a Funtuwa, Ɗanliti, bakinsa ya fi injin markaɗe aiki. Ba abin da bai iya ba. Ka ce jirgin sama, ya taɓa tuƙawa.

Sai ga Saratu mai zane ta zo ƙawata bangon tsohon siton auduga. Ita ba ta zana mutum, ba ta zana dabba. Launi ne zalla: ja ya ratsa shuɗi, rawaya ta kanannaɗe, ka tsaya kallo har ka manta aiken da aka yi maka. Ta yi bangaye a Kaduna, ta yi a Yamai, sunanta ya zaga.

Ɗanliti kuwa wata Hindatu yake nema ido rufe, ita kuma kullum tana gindin bangon nan baki buɗe. Gogan ya gyara hula ya matso.

"Wannan? Ai ɗalibata ce. Ni na koya mata riƙon buroshi."

"Don Allah?" in ji Hindatu.

"Ke dai bari. Da ta zo wurina ko ja da kore ba ta bambancewa."

Ashe Saratu na bayansa tana dama fenti. Ta taso, ta rusuna har ƙasa.

"Malam, sannu da zuwa! Dama saman can ya gagare ni. A taimaka a sa mana albarka."

Ta miƙa masa bokitin koren fenti, ta nuna dogon tsani. 'Yan kallo suka ɗau tafi raf-raf-raf. Ɗanlitin da ko katangar gidansu bai taɓa hawa ba! Ya dubi tsani, ya dubi Hindatu. Ya kama hawa.

Yana kaiwa ƙarshe tsautsayi ya sa ya leƙo ƙasa. Sai ya ƙanƙame tsani ƙam.

"Malam, ta ina za a fara?" in ji Saratu.

"A riƙe tsani! Wayyo Inna! A riƙe!"

Bokiti ya kife masa. Tsani ya zame, ya sulalo suuu yana yakushin bango, tim, a kan tarin yashi. Daga sama har ƙasa ga sawun yatsu goma, kore shar.

Saratu ta ja baya, ta ƙare wa wurin kallo.

"Kada wanda ya goge. Aikin Malam ne."

Har yau sawun na nan. Hindatu kan kawo 'ya'yanta, waɗanda ba na Ɗanliti ba, ta ɗaga yatsa sama ta ce, "Kun ga can? Daidai nan ya fara kiran Inna."