Gwaggon Ƙarya a Walimar Habu

Ba zan taɓa mantawa da walimar yayen Habu ba, ko da kuwa na so in manta. Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Amma har yau in na bi ta kasuwar Katako na ji ƙanshin sabon katako, sai ranar ta dawo min sabuwa.

A lokacin ina aiki a ofishin walwalar jama'a a nan Jos, shekarun da wayar hannu ta fara yawa, kowa na ɗaga tasa sama yana neman sabis. Aikina shi ne sa ido a kan yaran da kotun yara ta ga bai kamata a kai su gidan kangararru ba. Alƙali zai ce yaro ya koma gida, amma a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. Yaro ya riƙa zuwa ofis yana nuna fuskarsa, ni kuma in riƙa bin sa gida da wurin sana'a in ga ko ya shiryu. Babbar dokar aikin, wadda ni da bakina nake karanta wa sababbin ma'aikata (har da ɗaga yatsa sama, don ku gane irin matar da kuke saurara), ita ce sirrin yaro amana ne, ba a buɗe shi a gaban kowa.

Habu ɗan unguwar Rikkos ne. Yana ɗan shekara goma sha shida aka kama shi da wayoyin sata da abokai suka ba shi ya sayar. Ubansa, Isa direba, ya rasu. Uwarsa ta yi aure can Lafiya. Shi kuma yana zaune wurin kawunsa, direban tirela wanda ba ya kwana gida sai an yi sa'a. Dogon yaro ne, shiru-shiru, in yana magana ƙafarsa yake kallo. Da kansa ya je ya samo koyon sana'a wurin Alhaji Sale, mai sayar da katako a Katako, wanda yake da injin goge katako a bayan rumfarsa. Alhaji bai san komai game da kotu ba.

Ranar da na ce zan je in ga wurin aikin nasa, Habu ya durƙusa a tsakiyar ofis.

"Madam, don girman Allah kada ki zo rumfa. In Alhaji ya ji maganar wayar nan, ko tsintsiya ba zai ƙara ba ni in riƙe ba."

Na ce masa doka ce, dole in je, amma ya kwantar da hankalinsa, na san aikina.

Na je kuwa. Alhaji Sale ya tarbe ni da fara'ar 'yan kasuwa, ya ce, "Hajiya, katakon rufi ake so ko na ƙofa?" Na ce Habu na zo gani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, ke wace ce tasa?" Na hango Habu a bayansa, garin katako ya yi masa fari a gira, idonsa kamar zai faɗo. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Gwaggonsa ce ni" ba.

Jama'a, ku zo ku ga girma! Alhaji ya tashi daga kujerarsa ya kakkaɓe ya ba ni. Aka aika a sayo min lemo mai sanyi. Ya ce, "Ashe yaron nan yana da dangi masu kamala haka yake ɓoye mana?"

Bari in faɗi gaskiya, tunda yau ranar faɗinta ce. Farkon ƙaryar don Habu na yi ta. Amma ci gabanta don kaina ne. A ofis kujerata ƙafa uku gare ta da bulo, albashi sai ya ga dama, ogan sama kuwa in na gaishe shi da hanci yake amsawa. A gida ga ni sabuwar bazawara, aurena bai daɗe da mutuwa ba, kowa a unguwa yana da ra'ayi a kan dalilin mutuwarsa. Amma da na sa ƙafa a layin Alhaji Sale sai in ji yara na cewa, "Ga gwaggon Habu nan!" A gyara benci, a kashe inji don kada ƙura ta taɓa ni. Ziyarar da ya kamata in yi jefi-jefi sai na mai da ita kamar zuwa gidanmu. In ja Habu gefe in yi masa tambayoyin aiki ƙasa-ƙasa, sannan in dawo in zauna in sha lemo ina ba Alhaji shawara a kan tarbiyyar yaran zamani.

Abokin aikina, Oga Pam, ya taɓa ce min da irin Hausarsa, "Madam, wannan wasa da kai kana yi, babu shi cikin aikin gwamnati fa." Na ce masa aikin fita waje sai da dabara, shi da ba ya barin tebur ina zai sani.

Shi kuwa Habu ya gyaru, gyara na gaske, ba na takarda ba. Ya rabu da abokan nan. Ya iya inji, ya iya awo, har makullin rumfa ya koma hannunsa. Wa'adin da kotu ta ɗiba masa ya kusa cika, saura 'yan makonni ya zama ɗan kansa, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Ana cikin haka Alhaji ya ce zai yaye shi. Ba yaye kawai ba, ya kama sabuwar rumfa a ƙarshen layi, zai sa inji a ciki ya damƙa wa Habu ya riƙe. Za a yi walima a gidansa ranar Asabar, a miƙa makulli a gaban mutane, kuma yana son wani babba daga dangin yaro ya halarta.

Habu ya zo ofis ya ce, "Madam, ki ce kin yi tafiya."

Kun san me na ce? Na ce, "Ina gwaggonka in ƙi zuwa yayenka? Me mutane za su ce?" (Kun ji fa. Ƙaryar da na ƙirƙira da bakina, ni ce mutum ta farko da ta gaskata ta.)

Ranar Asabar bayan azahar na fito da leshin da na ajiye don biki, na kafa ɗauri har sai da na sunkuya kafin na shiga tasi. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi da fararen kujeru, mata suna ciki. Uwargidan Alhaji, Hajiya Rabi, ta kama hannuna ta ratsa da ni tsakar gida tana cewa, "Ku ba gwaggon Habu hanya." Falo cike, ga masa, ga shinkafa, ga zoɓo a manyan kuloli. Aka zaunar da ni a wuri mafi daraja, gefen mahaifiyar Alhaji, wadda kowa ke kira Iya.

Iya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, goro a kumatu, kunne ya yi nauyi, saboda haka ko gaisuwa za ta yi sai na ƙofar gida ya ji. Irin tsofaffin nan ne da aka haifa a barikin haƙar kuza, kafin iyalansu su dawo cikin gari. Ni ban san haka ba a lokacin. Ban kuma san cewa a wurinsu ba a cewa "ni dangin wane ce" a wuce ba, sai an bi ka gida-gida har a kai ka ga kakan da aka sani.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Ke ce gwaggon yaron?"

"Ni ce, Iya."

"Sale ya ce min ɗan Isa direba ne, Isan Bukur. Ke ƙanwar Isa ce ke nan?"

"Ƙwarai kuwa, Iya."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

A nan Allah ya buɗe min ƙofa. Da na ce 'yar ƙanen ubansa ce ni, ko zumunci ne na nesa, da an wuce wurin. Amma ina! Leshi ya hau min kai. Na sauke ajiyar zuciya, na ce, "Ciki ɗaya, Iya. Allah ya ji ƙan Yaya Isa." Har na kai gefen mayafi na taɓa ido. Na yi wa mutumin da ko hotonsa ban taɓa gani ba hawaye.

Iya ta daina taunar goro. Ta ƙura min ido, sannan ta juya ga matan falo ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Ashe Hajara ta ci gaba da haihuwa a kabari!"

Iya ta ci gaba da cewa:

"Hajara uwar Isa wurin haihuwarsa ta rasu, da ni aka yi mata wanka. Ubansa kuwa ramin kuza ya rufta da shi tun Isa yana ciki. Shi kaɗai ne, ba wa ba ƙani. To ke ta ina kika ɓullo?"

Ɗaurina ya yi min nauyi kamar na ɗauko tulu. Sai ƙus-ƙus ya fara daga bakin ƙofa yana matsowa. Wata ta ce, "To in ba gwaggo ba ce, mece ce?" Wata ta ce, "An ce fa bazawara ce." Hajiya Rabi, wadda yanzun nan take share min hanya, ta tafa hannu ta ce, "Shi ya sa! Alhaji ya ce kullum tana rumfa, ta ja yaron gefe suna magana ƙasa-ƙasa." Wata yarinya mai jan baki, wadda na tabbata na girme wa uwarta, ta ce, "Irin matan ofis ɗin nan ne masu ajiye samari." Aka kwashe da dariya.

Dariyar nan ce ta kashe ni. Wata shida ina haɗiye irinta a unguwarmu. Na ji jini ya hau min kai, na miƙe tsaye, na fito da muryar da nake yi a gaban alƙali.

"Ku iya bakinku! Ni ma'aikaciyar gwamnati ce! Kotu ce ta ɗora ni a kansa! An kama shi da wayoyin sata, alƙali ya ce in sa masa ido, shi ya sa nake zuwa. Ni zan ajiye ɓarawon waya? Allah ya kiyaye!"

Na gama ina huci, ina jiran in ga kunya a fuskokinsu. Ba ni suke kallo ba. Bayana suke kallo. Na waiga, ga Habu a bakin ƙofar falo cikin sabuwar shadda, ɗauke da akwatin lemo da aka aiko shi ya kawo wa mata. Ya sunkuya ya ajiye akwatin a hankali, kwalba ko ɗaya ba ta yi ƙara ba, ya juya ya fita.

Iya kuwa, da yake ba ta ji sosai ba, ta ce, "Me ta ce? Wa ya yi sata?" Aka maimaita mata da ƙarfi. Duk wanda bai ji daga bakina ba a ƙofar gida, ya ji a karo na biyu.

An ci shinkafa, an yi addu'a a gurguje, ba a miƙa makulli ba. Ina neman hanyar sulalewa Alhaji Sale ya tare ni a zaure. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi.

"Hajiya, da tun ranar farko kin kira ni gefe kin gaya min, wallahi da na riƙe shi da sanina, ba wanda zai ji. Ni ma na yi ƙuruciya. Amma yanzu rabin Katako suna zaune a ƙofar gidana. Wa zai kawo katakonsa ya kwana a rumfar da yaron nan ke riƙe da makulli?"

Na ce zan yi wa mutane bayani. Ya ce, "Ai kin riga kin yi."

Ranar da Habu ya saba zuwa ofis na tabbata ba zai zo ba. Ya zo, a kan lokaci. Ya tsaya gaban teburina, kuma a karon farko bai kalli ƙafarsa ba, ni ya kalla. Na fara ba shi haƙuri, ina ta kame-kame, wai an taɓa mutuncina ne, wai ya duba matsayina na mace. Ya bari na gama.

"Madam, da kin bari sun ce ke budurwata ce, da sati biyu an manta. Nawa ba a mantawa."

Ya sa hannu inda ake sawa, ya tafi. Wa'adinsa ya cika ba tare da ko laifi ɗaya ba. Bai koma Katako ba. Daga baya na riƙa hango shi a kan acaɓa wajen kasuwar Taminus, babur ɗin ma na haya. Sau ɗaya na ɗaga masa hannu, ya rage gudu, ya gane ni, ya ƙara mai.

Ni fa? Ba abin da ya same ni. Ba wanda ya kai ƙarata, ba wanda ya tambaye ni. A shekarar da ta biyo har ƙarin girma aka yi min, aka ba ni kujera mai ƙafa huɗu. Wannan shi ya fi ci min rai.

Abin da na koya ba wani mai tsawo ba ne. Na yi kusan shekara biyu ina zaunar da yaron mutane ina koya masa haƙuri da riƙe zuciya, shi ya koya, ni malamar kuwa dariyar mata ta 'yan mintoci na kasa jurewa. Tun daga ranar, in aka kawo min sabon yaro, kafin in tambayi su waye abokan banzan da za su iya jefa shi cikin wahala, sai in fara sa kaina a farkon lissafin.