Ranar da Gwaggo Ta Je Nuna Tana da Rai

Shekaranjiya, jama'a, na goya tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu na haye tulin duwatsu da ita, don kawai hukuma ta ga tana numfashi.

Gwaggo Xiulan ce, yayar mahaifina. Ƙa'ida ce duk shekara tsoho ya bayyana a ofishin gunduma, a kalle shi, a buga masa hatimi. In bai je ba, a tsayar da ɗan kuɗin tsufan da yake sayen magani da shi, Gwaggo kuwa da ƙwayar hawan jini take rayuwa. Ranar ce ta ƙarshe a wa'adin bana. Ban ga laifin Masu Hatimi ba, ransu ya daɗe, ai gani ya kori ji.

Kun san motar ƙauyenmu ɗaya ce, kuma ba ta tashi sai direba Lao Duan ya ga ko kaza ba ta da wurin tsayawa. Tun farkon damina dutse ya rufto ya toshe hanya a Kwanar Akuya. Sai muka yi wa kanmu dabara: motarmu ta tsaya a nan, ta gari ta tsaya a can, fasinja su haye da ƙafa a yi musanya. Wata uku ke nan, ba wanda ya leƙo mu.

"Riƙe ni da kyau, ɗan nan," in ji Gwaggo a bayana. "In ka yar da ni a kwarin nan, ka hutar da su tawada."

Mun haye ke nan sai aka ce motar gari ta rakuɓe gefe, kowa ya jira. Ga katafila! Cikin awa biyu ta share abin da aka ce mana sai baɗi. Baƙaƙen motoci shida suka wuce sama, gilashi a rufe, suka bar mu da ƙura.

"Su wane ne?" na tambayi Lao Duan, yana ɓare gasasshen dankali.

"Manya ne. Kai dai yi addu'a su riƙa zuwa kullum, ka ga kwalta har ƙofar ɗakinka."

Sannu ba ta hana zuwa. Ƙarfe uku muka isa ofis, muka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda mai jan rubutu: duk ma'aikata sun hau dutse yau, za su bi tsofaffi gida-gida don rage musu wahala. Wannan tausayi har ƙwalla ya sa ni, amma ta takaici.

Ba mota sai washegari. Da muka koma, mai unguwa ya tare mu da takarda yana sosa ƙeya. Ma'aikatan sun zo, sun ƙwanƙwasa, sun ɗauki hoto da ƙofar Gwaggo, sun rubuta: ba a same ta ba, an dakatar.

"To yanzu fa?" in ji Gwaggo.

"Sai dai ki je ofis da kanki, Gwaggo," in ji mai unguwa.

Ta zazzage robar maganinta a tafin hannu. Saura ƙwaya tara.

Yau da asuba aka sheƙa ruwa, dutsen ya sake ruftowa a Kwanar Akuya, katafila kuma ta bi iyayen gidanta. Duk wanda ya ga Masu Hatimi ya gaishe su, ya ce Gwaggo na nan da ranta. Na sani, don ni na ji nauyinta.