Yaron da Ke Cikin Hoton Ba Nawa Ba Ne

Ba zan taɓa mantawa da damtsen Sadiq a daminar nan ba. Shi ne ɗana na fari, ya shekara da 'yan watanni, amma in na zagaya hannunsa da babban yatsana da manuni sai su haɗu har da saura. Kullum bayan wanka sai na gwada, kamar an ce mini gwadawar ce za ta ƙara masa nama. Zawo ya kama shi, ya sake shi, ya sake dawowa. Kunu kuwa da ya ɗanɗana sai ya kau da kai. Tsorona biyu ne: kada yaron ya mutu, kada kuma a ce tamowa ce. (Da kunya nake faɗa, amma na biyun ya fi cin raina a lokacin.) A unguwarmu duk matar da aka gani ta fito asibiti da abincin tamowa, ita da mijinta sun zama abin hira a bakin famfo. Surukata ma da ta zo daga Mamudo ɗaga shi ta yi sama ta ce, "Ke wai me kike ba yaron nan ne? Iska?"

Ana cikin haka wasu ɗalibai suka sauka a garinmu Potiskum. Wai digiri na biyu suke yi a jami'a kan lafiyar al'umma, an turo su zaga gidaje. Ni da na tsaya a aji huɗu na firamare, na ɗauka mai neman digiri na biyu a ƙatuwar mota yake yawo. Sai ga su a keke napep an cusa su kamar buhunan gero. Gidan haya suka kama a bayan layinmu, don haka na san su tun kafin su san ni. Da yamma suna tsaye wajen mai awara suna kuka da wani Farfesansu, wai duk abin da suka rubuta sai ya dawo musu da shi ja-wur da biro. Wani cikinsu har da furfura a gemu, amma in an ambaci Farfesa sai ya gyara tsayuwa. Komai kuma sai sun ɗauki hoto, har kwata, wai sashensu yana da shafin labarai a waya, kowane rukuni na son a ga aikinsa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani siririn awo da suke ɗaura wa yara a damtse, mai launi uku. Kore lafiya lau, ruwan ɗorawa a kula, ja kuwa tamowa. Kuma a tsakar gida suke yi, matan maƙwabta na leƙe ta katanga.

Ranar da suka yi sallama gidanmu, Modu yana wurina. Modu ɗan maƙwabciyata ne, Ya Gana, 'yar Barno mai sayar da turaren wuta a kasuwa, in za ta fita ni take bar wa shi. Sa'an Sadiq ne, amma ƙato, wuyansa ninki-ninki, ɗaukarsa sai da nishi. Ban tsaya tunani ba. Na kwantar da Sadiq a ƙuryar ɗaki, na saki labule, na saɓi Modu na fito ina murmushi.

Wadda ta karɓe shi Sista Rahila ce, 'yar Filato, ta daɗe tana aikin jinya kafin ta koma karatu. Ta ce, "Kai, kai! Mama, wannan bijimin naki ne?"

Na ce, "Uhm."

Awo ya tsaya can cikin kore. Suka yi tafi. Aka tambaye ni me nake ba shi, ni kuma na zazzage duk abin da na taɓa ji a rediyo: kunun gyaɗa, waken suya, zogale, ƙwai, kifi. (Ƙwai! Rabon gidanmu da ƙwai tun ina jego.) Suna ta rubutawa suna gyaɗa kai. Da suka nemi izinin hoto har hijabi na gyara. Suna fita na shiga ɗaki na tarar Sadiq ya farka, yana kallon rufi, ko ƙarfin kuka bai yi ba.

Na ɗauka an gama. Bayan wasu makonni sai ga Sista Rahila da fara'arta, ta miƙo mini waya. Ga ni nan a shafin labaran sashensu, Modu a kafaɗa, haƙora a waje. Ta fassara mini abin da aka rubuta: uwa abar koyi. Ta ce za su yi taron rufe aiki a filin firamare, Farfesa da kansa zai zo, kuma ni zan tsaya in koya wa mata yadda ake ciyar da yaro. "Don Allah kada ki ƙi, Mama. Makinmu yana wurin nan."

Nan ne ya kamata in buɗe labulen nan. Sadiq yana bayansa, tsakaninsa da ma'aikaciyar jinya taku kaɗan. Sai na ji bakina yana cewa, "Allah ya kai mu."

Ranar taro na je na ari Modu, na ce wa uwarsa gidan suna zan je da shi. Sadiq kuma ba ni da wanda zan bar wa, sai na goya shi na zumbula babban hijabi a kansa, Modu a gaba. Wanda bai sani ba zai ce ƙusumbi ne da ni. Ina shiga filin na ga hotona an buga shi a ƙyalle ya kai girman ƙofa. Mata cike a tabarmi, mai unguwa da Farfesa a kujeru, ɗalibai sun sha fararen riguna iri ɗaya, kowa waya a sama.

Aka ba ni lasifika. Na fara, "Da safe ina dama masa kunun gyaɗa..."

Abin da ban sani ba, labari ya kai kasuwa cewa za a raba gidan sauro a firamare, Ya Gana ta rufe kayanta ta taho. Modu ne ya fara hango ta. Ya ƙwalla ƙara, ya miƙa hannu biyu yana zillo, yana dukan ƙirjina da ƙafa. Ya Gana ta dube ni, ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen, ta sake dubana. Ita kuwa muryarta ba ta buƙatar lasifika.

"Maman Sadiq! Nan ne gidan sunan? To yaushe na haifa miki Modu ban sani ba?"

Dariya ta fashe tun daga tabarmar gaba har wajen masu ruwan leda. Wata ta ce, "Aron tukunya muka sani, yau ga aron yaro!" Ya Gana ta zo ta fizge ɗanta. Na tsaya ba yaro a hannu, lasifika a bakina. A daidai lokacin Sadiq ya yi kuka a ƙarƙashin hijabi, ɗan siririn kuka kamar na mage, lasifikar kuma ta ɗauka ta watsa wa duk filin.

Dariyar ta mutu. Wallahi da ma ta ci gaba, ta fi mini sauƙi.

Ina jin mai furfurar nan yana cewa na kusa da shi, "Shi ke nan, rahotonmu ya rushe." Farfesa ya miƙe yana yi musu faɗa da Turanci yana nuna ni da biro, kamar ni ce allon. Wasu kuma wayoyinsu na nan a sama, ba su sauke ba. Sista Rahila ce kaɗai ta zo ta tsaya tsakanina da jama'a, ta ja ni cikin wani aji, ta kwance goyon da hannunta. Ta ɗaura awon. Ban ma duba ba, na san launin.

Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi a hankali, "Ranar da muka zo, yana ina?"

Na ce, "Bayan labule."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa da suka kumbura, ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta ce, "Da a ranar muka gan shi, da abinci kawai za mu ba ki ki tafi gida. Yanzu sai an kwantar da shi."

An kwantar da shi, kuma ya sha wuya, ni na san abin da idona ya gani a gadon nan. Allah ya tashe shi. Yanzu yana tafiya, amma Modu yana gudu, kuma kullum na gan su tare sai in tuna makonnin nan da na zauna ina gyaran hijabi. Ɗaliban sun koma jami'arsu, na ji an ce sun ci jarrabawa. Ni kuwa a bakin famfo sunana Abar Koyi har gobe. Abincin tamowar da na guje wa, ƙarshe a hannu na riƙa ɗauko shi, ba ko leda, tunda wadda aka buga a ƙyalle ba ta da sauran abin ɓoyewa. Ashe surutun da nake tsoro bai kai ciwon kwana ɗaya a gadon asibiti ba.

Roƙona kaɗan ne. In masu awo suka yi sallama gidanki, ki fito musu da naki, ko da hannunsa bai fi kara ba. Ku kuma masu karatun, in uwa ta miƙo muku ƙaton yaro tana murmushi, ku tambaye ta ko akwai wani a ɗaki. Sannan duk wanda ya san mai kula da shafin nan, don Allah ya ce masa ya cire hoton. An ce mini har yanzu yana nan.