Rasuwar Tagar Ɗakin Hajiya Maiturare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu cike da sartse, Malam Haliru na Umdurman a ƙasar Sudan, a madadin mahaifiyarsa Hajiya Maiturare da matarsa Bakhita, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar tagar ɗakin gabas. Ta cika ranar Juma'a da hantsi, a hannunsa, bayan doguwar jinya, tana da shekara arba'in da ɗaya.

Marigayiya tagar katako ce mai ganye biyu, shuɗiya a ƙuruciyarta. Ba ta taɓa buɗewa ba sai da sallama: ƙiiiƙ da safe, garam idan iska ta taso. Tun da ciwon ƙafa ya hana Hajiya fita, ta nan take amsa gaisuwar masu wucewa, ta nan take tsayar da mai karo, wato amalanken jakin da ke kawo ruwa, ta nan kuma take sanin wanda ya dawo unguwa da wanda har yau shiru.

Cutar ta kama ta ne a damina biyun da yaƙi ya raba iyalin da gidansu. Ruwa ya kwanta a katakon ƙasa, gara ta shigo dubiya ta yi zamanta. Ranar da suka dawo Haliru ya danna katakon da babban yatsa, yatsan ya nutse kamar a jiƙaƙƙen burodi. Bakhita ta ce a cire a sa ta alminiyam. Shi kuwa ya dubi tsohuwa tana shafa ganyen tagar, ya yi alkawarin zai tashe ta da hannunsa. Malamin lissafi ne, bai taɓa riƙe zarto ba.

Allah ya shaida an yi jinya. Ya kankare ruɓar da wuƙar yanka albasa, sai ya tarar ruɓar ce ke riƙe da sauran. Ya kwaɓa garin katako da gam ya cusa a ramin, kwaɓin ya bushe, ya tsuke, ya faɗo gaba ɗaya. Wani maƙwabci ya rantse da baƙin mai, aka shafe ta da shi. Gara ba ta gusa ba, Hajiya ce ta kwana uku a ɗakin surukarta saboda wari. Daga nan ya yanko sabon katako zai yi faci. Sau uku ya auna, ya fito gajere da yatsa biyu, kuma Bakhita ta yi masa ladabin da ya fi zagi zafi, ta miƙo masa shayi ta wuce.

Da abin ya gagara aka ɗauko Usta Salih kafinta daga unguwar Hajj Yusuf. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya kasa kunne.

"Ya Ustaz, Allah ya ba da haƙuri," in ji shi. "Wannan ta daɗe da mutuwa, fenti ne kawai bai ji labari ba."

Haliru bai yarda ba. Washegari ya ɗauko ƙusa mai tsawo ya saita a kusurwa. A bugu na uku marigayiya ta ce ƙiƙ a hankali, ta saki bango, ta kife a titi rif da ganyenta da komai, ta bar shi tsaye da guduma yana kallon akuyar maƙwabta.

Ta rasu ta bar sakata ɗaya mai lafiya, da ƙusoshi goma sha bakwai duk a lanƙwashe, da ƙanwarta tagar madafa, wadda ita ma ta fara laushi. Muna roƙon kada a gaya wa Haliru.

Ya kawo kwali zai toshe ramin kafin hadari ya haɗo, ya durƙusa gaban gado.

"Inna, na kasa. Ki yafe mini."

Hajiya ba ta ko dube shi ba, idonta na waje. "Kawar da kwalin nan, Haliru. Ashe duk shekarun nan rabin titi nake gani."

Za a yi jana'iza gobe Asabar bayan la'asar. Karo ne zai ɗauki gawar, domin Bakhita ta ce ba za ta gasa wainar kisra da itace mai warin mai ba. Zaman makoki kwana uku ne, akwai shayi da gahawar jabana. Masu ta'aziyya ba sai sun shigo gida ba, su tsaya daga titi a bakin ramin, Hajiya tana nan zaune tana karɓa. Malam Haliru na roƙon duk wanda ya san yadda da an yi da ta rayu, ya yi wa Allah ya karanta fatiha ya wuce.